Lambun Ƙungiya: Abinci Har Cikin Rani

'Yan'uwa manoma, kowa ya san watannin da rumbu yakan yi ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba, ga kuma aikin noma da yawa. Yawanci matsalar tun daga rani take farawa. Maigida ba shi da abin sayarwa sai hatsi, sai ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan yana kaiwa kasuwa don kuɗin cefane. Lambu yana toshe wannan ƙofa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Nijar ta ƙarfafa noman rani a ƙauyuka, mutane da yawa suka rayu da abin da suka samu a bakin rijiya. Albasar Galmi da ta yi suna har ƙasashen maƙwabta, ita ma a lambu ake nomanta.

Me ya sa za a yi shi tare? Domin abu biyu sun fi ƙarfin mutum ɗaya: rijiya da shinge. Amma idan gida goma ko ashirin suka haɗa hannu, aikin ba zai gagara ba.

Ku nemi fadama ko wurin da ruwa ba shi da zurfi. Ku sami iznin mai ƙasar a gaban mai unguwa, a rubuta. Ku kewaye wurin da ƙaya tun kafin shuka, gama akuya ɗaya tana iya ɓata aikin wata guda cikin dare ɗaya. Sa'an nan a raba fangali, kowane gida da nasa, mata ma a ba su nasu. A zuba ruɓaɓɓen taki, domin ɗanye yakan ƙone shuka.

Ku yi renon iri a watan Oktoba ko Nuwamba, gama sanyin hunturu ya dace da tumatir, albasa, kabeji da karas. Tumatir yakan isa dashe bayan mako 4, albasa kuwa bayan mako 6 zuwa 8. Alayyafo ba ya daɗewa, cikin wata guda an fara ci. A yi ban ruwa da safe ko da yamma, a tsara ranar kowa don kada a yi faɗa a bakin rijiya.

Kada kowa ya dasa tumatir rana ɗaya. In ya nuna gaba ɗaya, kasuwa za ta cika, farashi ya faɗi. A bar mako biyu tsakanin dashe da dashe. Abin da ya yi saura a yanka a shanya, tumatir da kuɓewa duka, a ajiye don damina.

Ku tuna, tukunyar gida ce farko, kasuwa daga baya. Ganyen zogale, alayyafo da karas suna kare yara da mata masu ciki daga dundumi. Ku kawo wannan magana a taronku na gaba, kafin a gama girbi.