Aikin Fata Wajen Kare Jiki: Bayani Kan Kumburi Da Tabon Allurar BCG

Iyaye da dama a Daddara da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jibiya kan tsorata idan suka ga ƙurji ya fito a dantsen jariri bayan allurar BCG, wato rigakafin tarin fuka. Muna so mu bayyana dalilin hakan.

Yadda fata ke aiki

Fata ba sutura ce kawai ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin halittar da ke saman fata, waɗanda masana ke kira keratinosait, suna fitar da sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta. Idan ƙaya ko lauje ya yanki mutum a gona, ko fason hunturu ya tsaga ƙafa, su ne ke fara yin shela ga sauran jiki. Nan take jijiyoyin jini sukan buɗe, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin. Abin da ke kawo ja, ɗumi, kumburi da raɗaɗi ke nan.

Haka kuma akwai wasu ƙwayoyin da Paul Langerhans ya gano a Jamus a shekarar 1868. Su da ire-irensu kan ɗauki samfurin cutar su kai wa kaluluwa, inda jiki ke koyon gane ta. Shi ya sa ciwon yatsa kan tayar da kaluluwa a hammata.

Allurar BCG

An fara amfani da BCG a Faransa a 1921. A yau cikin fata ake yin ta, inda waɗannan masu gadi suke da yawa. Bayan 'yan makonni ƙurji kan fito, ya fashe, ya warke da kansa, ya bar ɗan tabo. Wannan ba cuta ba ce. Kada a matse shi, kada a shafa masa toka ko wani magani.

Lokacin zuwa asibiti

A wanke kowane rauni da sabulu da ruwa mai tsabta. Idan kumburi na yaɗuwa, ko mugunya ta yawaita, ko zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya asibiti mafi kusa.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da ungozomomi da su isar da wannan saƙo, musamman ga iyalan da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, su riƙa tafiya da katin rigakafin yaransu, domin ba kowane yaro allurar ke bar wa tabo ba.