Agwagin Zamfara da dabbobin teku

Can bakin teku, wani lokaci ruwa yakan turo wata ƙatuwar dabba kan tudu ta mutu. Tana shayar da ɗanta nono kamar saniya. In likitoci suka feɗe ta, sukan tarar da zaiba cikin hantarta. Zaibar daga ruwa take. Ta shiga ƙaramin kifi, babba ya ci ƙarami, dabbar ta ci babba. Shekara da shekaru guba tana taruwa, ba ta fita.

Allakaye babu teku. Amma a 2010, a Zamfara ta Nijeriya, agwagi suka riƙa mutuwa cikin ƙauyuka. Ba wanda ya kula. Ashe dutsen zinariyar da ake daka cikin gida cike yake da dalma. Ƙurarsa ta rufe tsakar gida, inda agwagi ke kiwo, yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙasar Anka da Bukkuyum.

Ɗan ƙasar Buza da ya tafi haƙar zinariya, kada ya kawo dutse gida ya daka. Tsohon batirin mota ma akwai dalma ciki, maraƙi kuwa yana son lasar sa. In bisashe ko kaji suka fara mutuwa ba dalili, a kira likitan dabbobi kafin a taɓa naman.