Malamin Ingilishi a Ƙasar Hausa: Kayan Aikinsa da Hanyoyin Ƙara Saninsa

Koyar da Ingilishi ga wanda ya sha shi a nono daban yake da koyar da shi ga wanda ya tarar da shi a makaranta. Yaron Kano ko na Maraɗi yakan shiga aji da harshensa cikakke, bakinsa da kunnensa sun riga sun saba da sautukan Hausa. Saboda haka iya Ingilishi kaɗai ba ya mai da mutum malamin Ingilishi. Lalle ne ya san inda harsunan biyu suka dace da inda suka saɓa. A Nijeriya sai ɗalibi ya ci Ingilishi sosai a jarrabawar gama sakandare kafin jami'a ta karɓe shi, watau raunin malami guda yana iya toshe wa yara da yawa hanya.

Kayan aiki na farko shi ne harshen ɗalibin kansa. A 1957 Robert Lado, a littafinsa Linguistics Across Cultures, ya nuna amfanin jera harsuna biyu a gwada su, domin a gane tun da wuri inda mai koyo zai yi tuntuɓe. Hausa tana da wasula 5, kowanne da gajere da dogo, da tagwayen wasula 2, amma Ingilishin Ingila yana da wasula wajen 20. Don haka ɗalibi yakan ji cat da cut kamar kalma ɗaya. Hausa ba ta raba p da f, ba ta da v, ba ta kuma da sautukan nan biyu da ake rubutawa da th, shi ya sa think takan fito kamar sink. Haka kuma gaɓar Hausa ba ta fara da baƙaƙe biyu a jere.

Shaidar wannan duka tana cikin kalmomin aro, waɗanda kowane yaro ya sani. A direba an tsaga baƙaƙen farko da wasali, an kuma mai da v ta zama b. A fasinja da fensir, f ce ta maye gurbin p, burodi kuwa ta sami wasula biyu da babu su a asalinta. Malamin da ya rubuta irin waɗannan a allo, ya sa asalinsu kusa da su, ya sami darasin furuci ba tare da ya kashe ko kwabo ba. A nahawu ma haka abin yake. Tun da mota tamata ce a Hausa, yaro yakan kira ta she, ba don rashin hankali ba, sai don ya bi ƙa'idar harshensa.

Amma fa gwada harsuna ba ya hango kowane kuskure. A 1967 S. Pit Corder ya jawo hankali ga cewa kurakuran mai koyo suna nuna matakin da ya kai ne, waɗansunsu kuma ba daga harshen uwa suke tasowa ba. Yaron da ya ce goed maimakon went ya koyi ƙa'ida ce, ya kai ta inda ba ta zuwa. Ya kamata malami ya ajiye littafi yana tara kurakuran ajinsa, yana karkasa su, gama da su ne zai shirya darasin gobe.

Sai littattafai. Waɗanda suka fi amfani, malaman da suka zauna cikin baƙin harshe ne suka yi su. A. S. Hornby ya koyar a Japan, a can aka fara buga ƙamusunsa na masu koyo a 1942, kafin Oxford ta buga shi a 1948. Michael West, wanda ya yi aiki a Bengal, ya fitar a 1953 da jerin kalmomi wajen 2,000 da suka fi yawo a Ingilishi, domin a fara da su. Daga gefen Hausa akwai ƙamusun Bargery na 1934, da na Roxana Ma Newman na 1990 mai fassara Ingilishi zuwa Hausa.

Sani kuwa kamar wuƙa yake, sai da wasawa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana ba malami damar ƙara ilmi daga nesa ba tare da ya bar ajinsa ba. Mujallar ELT Journal tana fitowa tun 1946, ƙungiyar IATEFL kuma, wadda aka kafa a Ingila a 1967, tana haɗa malamai daga ƙasashe da dama. British Council ma tana ba da darussa kyauta ta intanet. Sai dai yawancin waɗannan ba don Bahaushe musamman aka shirya su ba. Aikin daidaita su da bukatar ajin ya rage ga malaman kansu, in sun riƙa shiga ajin juna, suna kwatanta littattafan kurakuransu, tare da malaman Hausa na makarantarsu, waɗanda suka fi kowa sanin inda harshen yaro zai karkata.