Harajin E-Levy ya tafi, amma me ya bari a baya?

 A hirarmu ta wannan makon mun ɗauko tambaya guda: idan 'yan siyasa suka ce sun sasanta, wa ya ci riba, wa kuma ya biya? Ga taƙaitaccen bayani domin waɗanda shirin ya wuce su.

Akwai masu ra'ayin cewa kowane mutum shi ne mai iko da kansa: guminsa nasa ne, sirrinsa nasa ne, hukuma kuwa 'yar aike ce da aka ɗauka ta tsare masa su. Masu wannan ra'ayi ba kowane sasanci suke yi wa murna ba, don a cewarsu sau da yawa abin da ake sasantawa a kansa ba na masu sasancin ba ne. Kamar dai dillalai biyu ne a kasuwar Aboabo suna ja-in-ja kan kuɗin rago, wannan ya rage, wancan ya ƙara, har su tafa, alhali ba wanda ya tambayi mai ragon ko na sayarwa ne.

To, mu duba E-Levy. A Nuwamban 2021 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya kawo shawarar cire kashi 1.75 cikin ɗari daga kuɗin da mutum ya tura ta waya, wato MoMo. Majalisa a lokacin kankankan take: NPP 137, NDC 137, sai ɗan majalisa ɗaya mai zaman kansa. Da farko 'yan adawa sun ce ko kusa. A farkon Disamba jagoransu, Haruna Iddrisu na Tamale ta Kudu, ya nuna zai iya yarda da kashi 1, kafin ɓangarensa ya sake jaddada ƙin amincewa. Ranar 20 ga watan har dambe aka ba hamata iska a zauren majalisa. Gwamnati ta sauko zuwa kashi 1.5, aka zartar ranar 29 ga Maris 2022 bayan 'yan adawa sun fice, aka fara cira ranar 1 ga Mayu. A Janairun 2023 aka mai da shi kashi 1.

Ku lura da yadda maganar ta sauya fa. An fara da "a cira ko kada a cira", aka ƙare da "nawa za a cira". Wanda ya tura wa mahaifiyarsa sidi 500 a ƙauye, an yafe masa sidi 100 na farko a rana, sauran 400 aka cire masa sidi 6, ban da ladan kamfanin waya. Ai kuɗin nan ba riba ba ce, kuɗin cefane ne ya tashi daga hannun ɗa zuwa hannun uwa. Shi ya sa mutane da yawa suka koma ba direban mota kuɗi a ambulan.

A Afrilun 2025 Shugaba John Mahama ya sa hannu aka soke harajin. Madalla. Sai dai akwai abin da bai tafi ba. Tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card ta zama lambar biyan harajin mutum. Daga Oktoban 2021 aka ce kowa ya sake rajistar layinsa da katin, aka yi ta ɗage wa'adi har ƙarshen Mayun 2023, sannan aka toshe miliyoyin layuka. Daga Yulin 2022 kuma Babban Bankin Gana ya ce katin ne kaɗai shaidar da banki zai karɓa. Wato layinka, asusunka da harajinka duk an ɗaure su a igiya ɗaya. Mun ga dattawa da mata masu goyo sun yi sammako suna bin layi don kada wayarsu ta mutu. A kan wannan, jayayyar jam'iyyu ta fi karkata ga wa'adi da wahalar samun katin, ba ga yawan abin da hukuma za ta sani game da mutum ba.

Masu sauraronmu na wasu ƙasashe sun san wannan hanya. Najeriya ta fara haɗa layin waya da lambar NIN a Disamban 2020. Yuganda ta sa kashi 1 a kan kuɗin waya a 2018, jama'a suka yi ca, aka mai da shi rabin kashi ɗaya, ya zauna. Salon ɗaya ne: a nemi da yawa, a rage kaɗan, a ce an saurari talaka.

Wani zai ce, to sulhu ba alheri ba ne? Alheri ne mana. Mu a nan mun ga amfaninsa: rikicin sarautar Dagbon da ya yi sanadin rasuwar Ya-Na Yakubu Andani II a Yendi a 2002, sulhu ne ya kwantar da shi har aka naɗa Ya-Na Abukari II a Janairun 2019. Amma can gidajen Abudu da Andani kowa daga nasa haƙƙin ya sassauta. Haka kuma gaskiya ne ƙasa ba ta tafiya sai da haraji, rajistar layi kuma tana iya taimakawa wajen kama 'yan damfara. Abin da masu wancan ra'ayi ke cewa shi ne, ikon da aka ba hukuma don kama ɓarawo yana nan a hannun duk gwamnatin da ta zo gobe, ko kana sonta ko ba ka so.

Saboda haka idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi abu uku: daga aljihun wa aka yi sasancin? Wa ke da izinin duba bayananmu? Yaushe wannan iko zai ƙare? Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma a kanta za mu tsaya mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku turo mana tambayoyinku kafin lokacin. A huta lafiya.