Akwatin Wasan Bidiyo Ya Shigo Gida: Wa Zai Riƙe Linzami?

Bayan hutun Kirsimati da ya wuce, mun lura da wani yaro a ajinmu wanda a dā ba ya sauka daga na uku. Sai ga shi yana gyangyaɗi tun kafin a fita tara, aikin gida kuwa rabi da rabi. Da muka tambaye shi ko ba shi da lafiya, sai ya ce, "Lafiyata ƙalau, Malam. Kawuna ne ya aiko mana da gem." Muka aika a kira mahaifinsa. Da ya zo ya ce, "Malam, ni ban san kan abin ba. Da aka kawo shi, yaran ne suka haɗa, ni dai na ba su katina na banki domin sun ce sai da shi." Ashe an riga an cire masa kuɗi sau uku, shi kuwa yana ta zargin banki.

Yaron nan ba mugu ba ne, uban kuma ba marar kula ba ne. Kuskure ɗaya aka yi, watau an bar wa yara aikin ranar fari. Abin da mu ke so mu tattauna da ku ke nan a wannan wata, ya ku iyaye, gama yadda aka fara da akwatin nan haka zai zauna a gidan.

Mene ne shi?

Akwatin wasan bidiyo wata ƙaramar kwamfuta ce da aka ƙera domin wasa. A kan haɗa ta da talabijin, mai wasa kuma ya riƙe abin sarrafawa mai maɓallai a hannu, wanda za mu kira linzami. Ba sabon abu ba ne. Na fari da aka sayar domin gida shi ne Magnavox Odyssey, a Amurka, a 1972. Atari 2600 ya biyo baya a 1977, kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Famicom a 1983, Sony kuwa ya kawo PlayStation a 1994. Microsoft ya shigo da Xbox a 2001. Nintendo Switch ya fito a 2017, PlayStation 5 da Xbox Series X da Series S a Nuwamba 2020, sa'an nan Switch 2 a Yuni 2025.

Akwai bambanci babba tsakanin na dā da na yanzu. Na dā, a sa kaset a yi wasa, a kashe, shi ke nan. Na yanzu kuwa yana hawa intanet, yana da kanti a cikinsa inda a ke saye da kuɗi na gaske, yaro kuma zai iya hira da baƙin da ba ku taɓa gani ba. Wanda ya sa shi a ɗaki ya buɗe wata ƙofa ce a gidansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kafin a biya kuɗi

Da yawa a cikinmu na hannu mu ke saye. Ba laifi, amma kada a biya sai an gwada a gaban mai kaya. A kunna shi, a bar wasa ya yi tafiya kamar minti ashirin, a saurari fankarsa ko tana ƙara fiye da kima, a danna kowane maɓalli na linzamin. A tabbata mai shi na dā ya cire asusunsa, an mai da akwatin kamar sabo.

A kuma tambaya ko yana cin faifai. Xbox Series S ba shi da wurin sa faifai, haka kuma akwai wani irin PlayStation 5 da a ke sayarwa ba tare da shi ba. Irin waɗannan sun fi araha, amma kowane wasa sai an sauko da shi daga intanet. Manyan wasanni su kan kai gigabait 50, waɗansu har su wuce 100. Wanda ya ke sayen data kaɗan kaɗan ya san abin da wannan ke nufi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Haɗa shi

Da fari a karanta rubutun da ke bayan akwatin ko jikin abin wutarsa. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. In an rubuta 100 zuwa 240, zai yi aiki ko'ina. In kuwa lamba ta tsaya a ƙasa da 200, kada a jona shi kai tsaye, gama zai ƙone nan take. Tun da wuta a wurinmu ta kan zo wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci da rauni, ya kamata a sa sitabilaiza a tsakani. In za a ta da janareta, a zare akwatin tukuna har wuta ta daidaita.

Sa'an nan a haɗa shi da talabijin da wayar da a ke kira HDMI, wadda ta ke ɗauke da hoto da murya gaba ɗaya. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, da tazarar kamar tafin hannu daga bango, kada a kulle shi cikin kabad, kada kuma a ajiye shi a ƙasa. Zafi da ƙura su ne manyan abokan gabansa. Lokacin hunturu a riƙa share ƙofofin iskarsa, a rufe shi da ƙyalle bayan an kashe ya huce.

Sa'ad da aka kunna shi da fari, zai nemi ya sabunta kansa ta intanet. A yi wannan lokacin da a ke da tabbacin wuta, domin in ta ɗauke a tsakiyar aikin, akwatin zai iya rikicewa. A koya wa yara su kashe shi ta hanyarsa, ba su fizge waya daga bango ba.

Asusu na uba ko uwa ne

Nan ne zuciyar maganar. Akwatin zai nemi a buɗe asusu da adireshin imel da lambar sirri. Asusun fari ya zama na babba, lambar sirrin kuma ta zauna a wurinsa shi kaɗai. Daga cikinsa ne za a buɗe wa kowane yaro nasa ƙaramin asusu, da shekarunsa na gaskiya. Yara su kan ƙara wa kansu shekaru domin a buɗe musu kome. In aka rubuta ɗan shekara goma a kan mai shekara ashirin, akwatin zai ɗauke shi babba.

Kamfanonin nan uku duka sun tanadi hanyar da iyaye za su ƙayyade sa'o'in wasa a rana, su hana wasannin da suka fi ƙarfin yaro, su rufe hira da baƙi, su kuma hana saye. Nintendo da Microsoft suna da manhajar da a ke sa wa a waya, inda uwa za ta ga tsawon lokacin da aka yi ana wasa ko tana kasuwa. A lura kuma, ƙasar da aka zaɓa wurin buɗe asusun PlayStation ba ta canzuwa daga baya, katin kuɗin wasa kuwa sai na ƙasar nan zai shiga.

In ba ku iya ba, ba abin kunya ba ne. Ku kira wani babba da kuka amince da shi ya zauna tare da ku, amma ku ne za ku zaɓi lambar sirri. Katin banki kuwa kada a bar shi a ciki.

Lambar da ke jikin kwali

Kowane wasa yana da alamar shekaru. Waɗanda suka fito ta Turai suna da lamba 3, 7, 12, 16 ko 18, bisa ga tsarin PEGI da aka fara a 2003. Na Amurka suna da haruffa na hukumar ESRB, wadda aka kafa a 1994 bayan 'yan majalisar dattawan ƙasar sun yi zama a kan zub da jini cikin wasanni irin su Mortal Kombat. E na kowa ne, T na 'yan shekara 13 zuwa sama, M kuwa sai mai shekara 17.

Iyaye da yawa suna tsammani lambar tana nuna wuyar wasan, har su yi alfahari cewa ɗansu na aji biyar yana buga na 18. Ba haka ba ne. Lambar tana faɗin abin da ke ciki ne: kisa, zagi, tsiraici, ƙwaya ko caca. Grand Theft Auto V, wanda ya fito a 2013, yara da yawa kuma suka san shi, 18 ne a jikinsa.

Ko wasan ƙwallon ƙafa yana bukatar ido. FIFA, wanda aka sāke masa suna EA Sports FC a 2023, yana da sashe inda a ke sayen ƙunshin 'yan wasa ba tare da an san wanda ke ciki ba sai an buɗe. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan saye caca ne. A nan ne kuɗin mahaifin ɗalibinmu suka tafi.

Dokar gida tun ranar fari

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kafin a buga wasan fari, a tara yara a yi shawara. Mu dai abin da mu ke gaya wa iyayen ɗalibanmu shi ne: akwatin ya zauna a falo inda kowa ke gani, ba a ɗakin kwana ba. Sai an gama aikin makaranta da aikin gida. Ba wasa lokacin cin abinci, ko lokacin da iyali su ke taruwa da yamma, a kuma kashe shi aƙalla sa'a ɗaya kafin barci. Masu ƙera shi da kansu sun ba da shawara a huta minti 10 zuwa 15 cikin kowace sa'a. Sun kuma yi gargaɗi cewa walƙiyar hoto ta kan ta da farfaɗiya ga waɗansu, saboda haka yaron da ya taɓa yin ta a tambayi likita tukuna. A sa layi kuma, domin kada yayye maza su riƙe linzami su hana ƙanne da 'yan mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, jerin kuma ya fara aiki a Janairu 2022. Alamunta uku ne: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuran ransa, ya kuma ci gaba ko da ya ga yana cutuwa, yawanci har tsawon wata 12. Kaɗan ne cikin masu wasa su ke kaiwa can, kada mu firgita. Amma in yaro ya fara ƙarya a kan lokaci, ko ɗaukar kuɗi, ko fushi mai tsanani in an kashe, lokacin zama da shi ya yi.

Ba mu ce a hana ba. Yaron da aka hana a gida zai tafi shagon gem a bayan layi, inda ba wanda zai duba lambar kwali. Ya fi kyau uba ya karɓi linzami na biyu ranar Asabar, ya bar ɗansa ya ci shi biyar da nema, a yi dariya tare. Mahaifin ɗalibinmu haka ya yi. Ya sāke buɗe asusu da sunansa, ya fito da akwatin falo. Yaron bai koma na uku ba tukuna, amma ya daina barci a aji.