Raƙumi a cikin gajimare: me ya sa ido ke ganin abin da babu shi a sama?

Da zarar damina ta kankama a kudancin Nijar, daga Yuni zuwa Satumba, samaniyar da ta sha hazo da zafin bazara sai ta cika da gizagizai. A lokacin ne yara a Maradi, Damagaram da Tawa ke komawa ga wani wasa da ba a biyan ko dala: a ɗaga kai, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wannan ya ce raƙumi ne, wancan ya rantse doki ne da mahayinsa, kafin a gama gardama iska ta mayar da shi tunkiya.

Manya ma sun daɗe suna wannan wasa, har ya zauna a cikin harshe. Launukan da ke fitowa bayan ruwa Bahaushe ya ce bakan gizo ne, wato ya miƙa wa Gizo na tatsuniya makami. Wani tarin taurari ya kira su kaza da ƴaƴanta, tauraruwa Zara kuma ya aurar da ita ga wata.

Masana suna kiran wannan hali fareidoliya. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta jiran bayani ya cika kafin ta yanke hukunci: ɗigo biyu da layi ɗaya a ƙasansu sun ishe ta ta ce fuska ce. Wannan gaggawa tana da amfani. Wanda ya ga igiya da dare ya buga tsalle, dariya kawai za a yi masa. Wanda ya ga maciji ya ɗauka igiya ce, nasa labarin daban ne. Ko masu manyan na'urori ba su tsira ba. A 1976 kumbon Amurka mai suna Viking 1 ya aiko da hoton wani wuri a duniyar Mars mai kama da fuskar mutum, aka yi shekaru ana surutu a kai, sai a 2001 wani hoto mafi haske ya nuna tudu ne kawai da inuwa ta yi wa ado.

Abin lura shi ne gajimare rabin hoto yake bayarwa, mai kallo ne ke cika sauran da abin da ke cikin kansa. Yaron da ya tashi kusa da kasuwar dabbobi zai ga tozon raƙumi, wanda ya tashi a bakin kogin Isa zai ga dorina ko kwalekwale. Mai zanen nan na Italiya, Leonardo da Vinci, ya gane haka shekaru fiye da 500 da suka wuce. Ya shawarci masu koyon zane su riƙa ƙura wa tabon bango, toka, laka da gajimare ido, domin a cikinsu za su tsinci fuskoki da duwatsu da fagen yaƙi. Matashin da ke neman abin zanawa ko labarin da zai mayar fim yana da wannan makaranta kyauta a saman kansa, in dai zai ɗan ajiye waya.

Ilimin yanayi ma daga kamance ya faro sunayensa. A 1802 wani mai haɗa magunguna a Landan, Luke Howard, ya raba gizagizai da kalmomin Latin bisa abin da suka yi kama da shi: tsibi, shimfiɗa da silin gashi. Har yau da su ake aiki. Babban hadarin da ke kawo tsawa kuwa, samansa kan baje kamar uwar maƙera, kuma a yankinmu na Sahel daga gabas ya fi tasowa, abin da manomi ya sani tun kafin a kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Masu kallon sama don nishaɗi ma sun taɓa ƙara wa masana ilimi: hotunan mambobin wata ƙungiyar masoya gajimare da aka kafa a Birtaniya a 2005 ne suka sa hukumar yanayi ta duniya ta shigar da wani sabon fasali, asperitas, cikin kundinta a 2017.

Sai dai wayar salula ta buɗe wa wannan hali wata ƙofa. Ana yawan yaɗa hotunan gajimare a WhatsApp da Facebook, a ce rubutu ne ko fuskar wani ta bayyana a sama, a ƙara da umarnin a tura wa mutum goma. Wasu hotunan na gaske ne, ido ne ya cika su. Wasu kuwa aikin kwamfuta ne, kuma mai haɗa su mabiya yake nema. Gane su ba wuya: siffar gajimare ta gaskiya ba ta da tsaftataccen gefe, cikin ƴan mintuna take wargajewa. Idan rubutu ya fito sumul kamar an buga shi da injin, ba a faɗi garin ba, ba kuma wani da ya ɗauke shi daga wata unguwa, akwai dalilin tsayawa kafin a tura.

Ga ƴan ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Faransa, hoton hadari daga gida wani abu ne dabam. Idan ƙane ya turo baƙin gajimare a kan gonar gero, yayan da ke nesa ba ya neman raƙumi a ciki. Tambayarsa ɗaya ce: ya sauka a wurinmu, ko ya wuce yamma?