Daga Ƙwarar Kaɗanya Zuwa Rumfunan Adjame

Duk wanda ya sauka a tashar motocin Adjame, a birnin Abijan na Kodebuwa, da sassafe zai ga ana sauke buhuna da manyan robobi daga motocin da suka kwana a hanya daga Korhogo da Ferkessedugu da Buna. A cikin kayan akwai man kaɗanya, curi-curi, wani fari, wani ruwan ɗorawa. Kafin azahar wani sashe nasa ya shiga hannun 'yan sari a Forum, babbar kasuwar Adjame, wani kuma an haye gada da shi zuwa Treichville, tsohuwar unguwar nan ta kusa da tashar jiragen ruwa, inda Hausawan Nijar da Najeriya suka daɗe suna kasuwanci tare da Julawa.

Kodebuwa ta yi dace a wannan sana'a. Arewacinta ƙasar kaɗanya ce, kudancinta kuwa shi ke ba duniya kusan kashi 40 cikin ɗari na koko. Ga manja, ga alayyadi, ga kwakwa a bakin teku. Kusan duk abin da mai haɗa man shafawa da sabulu take buƙata yana tsirowa a cikin ƙasar, Abijan ce kawai mahaɗarsu.

Wahalar aikin tana can arewa, kuma a wuyan mata take. Bishiyar kaɗanya kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma galibi ba shuka ta ake yi ba, bari ake yi ta tashi a gona. Da farkon damina mata ke fita tun asuba su tsince 'ya'yan da suka zubo. A cire ƙwarar, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sannan a zauna a yi ta bugun ƙullin da hannu ana ƙara ruwa har man ya taso sama. Shi ake kwashewa a tafasa, a tace, a bari ya daskare. Ƙwarar da ta yi fumfuna wajen shanya, ko wadda wuta ta yi wa yawa wajen suya, manta yakan yi wari, shi ya sa gogaggiyar mai saye a Adjame ba ta biya sai ta shinshina, ta kuma murza a bayan hannu.

Sabulun salo ma haka yake: ɓawon koko ko na ayaba ake ƙonawa, a jiƙa tokar a tace, a dafa ruwan da mai har ya kama. Akwai kuma kabakuru, dunƙulallen sabulu mai tauri da ake yi da manja da soda, wanda matan Abijan ke wanki da shi. Masu ƙananan masana'antu na zamani sun ƙara da awo a sikeli, da barin sabulun soda ya huta mako huɗu zuwa shida kafin a sayar, don ya bushe ya yi sauƙi ga fata.

Inda gizo ke saƙa shi ne amana. A shekarar 2015 gwamnatin Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarin makuri ko kotizon, da waɗanda haidirokinon ɗinsu ya haura kashi 2 cikin ɗari. Dokar ta sa mata da yawa sun juya ga kayan gargajiya, amma ta kuma buɗe wa maha'inta ƙofa. Sai a zuba maganin bilicin a cikin man kaɗanya, a ɗura a roba marar suna, a ce "bio" ne, wato tsantsa ba sinadari. Man kaɗanya na gaskiya yana tausasa fata, yana maganin kaushi da faso, amma ba ya mayar da baƙa fara. Duk haɗin da ya yi hakan cikin mako biyu, akwai abin da aka ɓoye a cikinsa, kuma ƙarshensa nankarwa da ƙuraje da fatar da ba ta jure rana.

Ba kuma duk abin gargajiya ne ke da lafiya ba. Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, mai illa ga ƙwaƙwalwar yara. Man da aka haɗa da ruwa ba tare da sinadarin adanawa ba kan lalace da wuri a laimar Abijan.

Takardar shaidar cewa kaya "bio" ne, irin wadda Ecocert ta Faransa ke bayarwa, tana da tsadar da mace ɗaya ba za ta iya ba, sai dai ƙungiya ta haɗa kuɗi. Masu wannan takarda su ne ke iya tura kaya Turai da daraja. Ƙasashen yankin kuma sun fara riƙe ƙwarar kaɗanyarsu a gida: Mali da Burkina Faso sun dakatar da fitar da ita ɗanya a 2024, Najeriya ta bi sahu a watan Agustan 2025, domin a riƙa matse man a gida maimakon a masana'antun waje.